Hoton da Za a Manna wa Inna

Abu ɗaya Inna ta roƙe ni tun bayan rasuwar mahaifina, kuma har gashin kaina ya gama furfura ban yi mata ba. Ba gida ta ce in gina mata ba, ba kuma asibitin babban birni Sofiya ta ce in kai ta ba. Hoto take so in ɗauke ta, guda ɗaya, ita kaɗai, tana zaune, fuskarta a fili.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Ranar da tsohon ya cika, mun juye akwatunan gidan kaf muna neman hoton da za a sa a takardar sanarwar rasuwa, wadda za a manna a ƙofarmu da bangon coci da jikin bishiyar tashar bas. Ba mu sami ko ɗaya da yake shi kaɗai ba. Dole mai ɗab'i ya yanko kansa daga hoton wani biki, sai kunnen mutumin da ke tsaye kusa da shi ya biyo shi. Haka aka manna. Ranar arba'in aka sake bugawa, kunnen yana nan. Da shekara ta zagayo, yana nan. Har yau akwai waɗanda a garinmu Asenovgrad suke tuna mahaifina da kunne uku.

"Ni dai ba za ku yi mini haka ba," in ji Inna. "Tihomir, ka ɗauke ni tun ina da fuska."

Sau ɗaya na gwada, da 'yar ƙaramar kyamarata ta aljihu, irin wadda mutum yake miƙa hannuwa da ita yana kallon allon bayanta. Inna ta zauna, ta gyara wuyan riga, ta zuba mini ido. Ina cikin saitawa ta ce, "Me ya sa leɓenka yake rawa?" Na danna da sauri. Fitilar ta haska, idanunta suka fito jajur.

"Wannan za ka manna mini? Mutane su ce mayya ce ta mutu?"

Na ɗora wa kyamarar laifi. Na ce ƙarama ce, ta yawon shaƙatawa ce. In na sayi babba, irin ta masu ɗaukar hoton biki wadda ake canza wa gilashin gaba, zan yi mata na gaske. Ta amince. Da wannan alkawari na yi ta fakewa har na yi ritaya daga ofishin jirgin ƙasa, uzurin rashin lokaci ya ƙare.

Sai na hau bas zuwa birnin Plovdiv, na shiga wani shagon kyamara da ke bayan babban gidan waya. Mai shagon wata mata ce, Gergana, ba ta girmi 'yata da yawa ba. Ta sauko da kyamarori biyu ta ajiye a kan tebur, Canon da Nikon, baƙaƙe wuluk, a idona kamar tagwaye. Ɗaya ta ɗan fi girma da nauyi, ɗayar kuma allon bayanta yana juyawa.

"Kawu, me za ka riƙa ɗauka da ita?"

Tambaya ce da yaro ma zai amsa, amma ban da ni. Yaya zan dubi baƙuwa in ce ina neman abin da zan shirya wa mahaifiyata mutuwa da shi, alhali da safen nan ita ta gasa mini banitsa, wainarmu mai cuku?

"Tsuntsaye," na ce. Ban san daga ina kalmar ta fito ba. In ban da shamuwa, babu tsuntsun da nake iya kiran sunansa.

Gergana ta yi murna. Ta kawo wani gilashi mai tsawo kamar taɓarya, ta ɗaura wa mai nauyin, ta shiga bayani a kan nisan da yake jawowa, da hotuna nawa take ɗauka kafin ƙiftawar ido, da ƙafafun ƙarfen da dole in haɗa da su don kada hannu ya yi rawa. Na yi ta gyaɗa kai. Na ce zan yi shawara.

Wanda na yi shawarar da shi maƙwabcina ne, Stoil, tsohon direban motar kashe gobara, wanda ya sayi irin wannan kyamara don ɗaukar kurangar inabinsa. Na same shi yana wanke gangar ruwan inabi.

"Tiho, kyamara aure ce," in ji shi. "Ba yarinyar kaɗai kake ɗauka ba, danginta kake shiga. In ka shiga wannan gida, gilasansu za ka yi ta saye har ka mutu, na wancan gidan ba ya shiga bakinta. Ka sayi irin tawa, in riƙa ara maka."

"To in na sayi ɗayar fa?"

"Sai ka koma wajen surukina, shi ke da ita. Ku yi ta ɗaukar kyanwa tare."

Na koma gida kaina ya ƙara ɗaurewa. Dā kyamarori biyu ne a gabana, yanzu sun zama dangi biyu.

Da na sake zuwa shagon, na kasa komawa kan tsuntsaye, domin taɓaryar nan ta ba ni tsoro. Na ce a gaskiya jikokina zan riƙa ɗauka. Jikokin nawa suna Sifen, sau ɗaya nake ganinsu a shekara. Gergana ta mayar da dogon gilashin, ta turo mini mai juya allo, ta ce yara ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma da wannan zan iya sauke kyamarar ƙasa daidai tsayinsu ba tare da na durƙusa ba. Duk abin da ta yaba wa ta farko a wancan zuwan, yanzu ya zama ba shi ne muhimmi ba. Na karɓi takardun talla na tafi da su, na zauna a kicin ina gwama lambobi: wannan ta fi yawan megafiksel, waccan ta fi gani a duhu, wannan batirinta ya fi jimawa, waccan tana ɗaukar bidiyo. Duk inda ɗaya ta ci, ɗayar ta rama a layin gaba. Stoil kuma ya leƙo ta katanga ya ce an ce sabuwa za ta fito da bazara, wawa ne kawai zai saya yanzu. Wallahi na ji daɗin wannan magana, kuma jin daɗin nan ya dame ni fiye da lambobin.

A zuwa na uku na ce zanen waliyyai da ke bangon tsofaffin coci-coci nake son ɗauka. Gergana ta ajiye tsumman da take goge gilashi, ta dube ni.

"Kawu, da farko tsuntsaye, sannan jikoki, yau kuma waliyyai. Gobe kifi za ka ce?"

"Ruwan ido ne kawai, 'yata."

"Ruwan ido tsakanin kyamara biyu na saba gani. Kai naka ba a kan tebur ɗin nan yake ba."

Na juya zuwa ƙofa. Na sake cewa zan yi shawara.

Lokacin gasa barkono ya zo, duk unguwa ta ɗauki ƙamshinsa. Wata safiya na raka Inna kasuwa sayen kwalaben da za ta ɗura lutenitsa, miyar gasasshen barkono da ake ajiyewa don hunturu. A tashar bas ta tsaya, kamar yadda kowane tsoho yake yi, tana duba sababbin takardun da aka manna a jikin bishiya. Akwai ta Donka, ƙawarta tun suna 'yan mata a masana'antar taba, wadda muka binne kwanan baya. Inna ta sa tabarau ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo.

"Zo ka gani," ta ce.

Donka ce tana murmushi. A kafaɗarta kuwa akwai wani hannu da aka yanke daga wuyansa, da zobe a yatsa.

"Hannuna ne wannan. A bikin jikarta aka ɗauke mu, ina rungume da ita." Ta cire tabarau ta naɗe. "Ka gani ko? Hannuna ya riga ni hawa bishiya. Saura ni."

Ba faɗa ta yi ba, ba ta ma ambaci alkawarin ba. Ta ce mu hanzarta kada manyan kwalaben su ƙare. Ni kuwa na tsaya ina kallon zoben nan da na sani tun ina goye, na gane cewa jinkirina bai hana komai zuwa ba. In na ci gaba da shawara, almakashin mai ɗab'i ne zai zaɓar wa Inna fuska.

Washegari na koma Plovdiv. Kafin Gergana ta buɗe baki na ce, "Mahaifiyata zan ɗauka. Na takardar rasuwa take so, tun tana da rai."

Ta ce, "Allah sarki. Kakata ma haka ta yi, har kitso sai da aka yi mata. Kawu, ai da ka faɗa tun farko. Duk biyun za su yi, da ɗan gajeren gilashin da suke zuwa da shi."

"Duk biyun ba amsa ba ce, 'yata. Duk biyun ce ta hana ni barci."

"To bar takardun nan. Zuwanka uku, ban ga ka ɗaga ko ɗaya ka leƙa ba. Ɗauki."

Gaskiyarta. Na ɗauki mai juya allon, na miƙa hannuwa kamar yadda na saba da ƙaramar. Ta ce a'a, in kai ta fuskata, in sa ido a 'yar tagar da ke sama. Na yi haka, na juya ina neman abin kallo, sai na faɗa kan madubin da ke bayan tebur. Na ga wani mutum mai furfura, baƙin akwati ya rufe masa ido da hanci, amma bakinsa yana waje. Na ajiye ta, na ɗaga mai nauyin. Wannan karon, da ita da hannuwana biyu, babu abin da ya rage a fili sai goshi da haɓa.

"Wannan," na ce.

"Ta fi nauyi fa, Kawu. Wuyanka zai gaya maka."

"Ita nake so."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta murɗa wani ɗan maɓalli zuwa kan koriyar alama, ta ce kada in taɓa komai sai na dannawa, kuma in zaunar da tsohuwar a inuwa, kada fitila ta tashi. A cikin bas na yi ta tunanin ko ɗayar ce ta fi, ko da na jira ta bazara, ko ma dangin wa na shiga, na Stoil ko na surukinsa. Har muka iso ban warware ba.

Da la'asar na fito da kujera ƙarƙashin rumfar inabi. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da shuɗiyar rigar da take zuwa coci da ita, ta cire kallabi, ta taje gashinta baya. Hannuwanta suna ƙamshin gasasshen barkono. Ta zauna ta haɗa su a cinya.

Na ɗaga kyamarar na sa ido. Ga ta nan a cikin 'yar tagar, ita kaɗai, kusa da ni fiye da yadda na kalle ta a shekaru masu yawa. Leɓena ya fara abin da ya saba, amma babu mai gani.

"Ina kake ne?" in ji ta. "Ban ga komai ba sai tumbi da baƙin akwati."

"Haka ake so, Inna. Ɗan ɗaga haɓa."

"In yi dariya ko in daure?"

"Yadda kike so a tuna ki."

"To bari in ɗan yi, kada su ce na ji daɗin tafiya."

Na danna. Wani abu ya yi ƙaras a cikin akwatin, tagar ta yi duhu, Inna ta ɓace. Kafin numfashina ya dawo sai ga ta, tana zaune inda take, tana korar wani ƙudan zuma daga gwiwarta.

"An yi?"

"An yi, Inna."

"Kunne nawa?"

Na sauke kyamarar na duba allon baya.

"Biyu," na ce. "Duk naki."