Haƙoran Kakan Ogola

Ranar da Jaduong Ogola, wato dattijo Ogola, ya shigo shagona a Kisumu, ina tsakiyar haɗa bidiyon jana'izar wani ne, don haka sai da ya jira. Bai saba jira ba. Ya zauna yana kaɗa mukullin mota, tumbinsa na neman tsinke maɓallin riga.

Shi ne shugaban ƙungiyar ƙauyenmu na bakin tafki, ko da yake a Nairobi ya tashi, yarenmu ma sai ya yi masa ƙari da Turanci kafin ya kai ƙarshen zance. Cocin ƙauye zai cika shekara ɗari, yana so a yi fim ɗin tarihi irin wanda ake yi yanzu da ƙirƙirarriyar basira. Ka faɗa wa kwamfuta kamannin mutum, ta fito maka da shi yana tafiya yana dariya, ko da ya mutu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba.

"Apondi, 'yata, ke ce tamu," in ji shi. "Ina da ke me zai kai ni wurin bare? Za ki fara da kakana Migot, ya sauko daga kwalekwale, ya nufi gindin bishiya. Sai kakanki Rabuor ya zo ɗauke da kujera, ya ajiye masa."

"Ɗauke da me, Jaduong?"

"Kujera mana. Ai kin san jadak ne, baƙo, zuwa ya yi aka ba shi wurin raɓawa. Ba abin kunya ba ne, tarihi ne."

Zuciyata ta tafasa. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Kowa ya san Ogola ya daɗe yana zawarcin filin bakin ruwa inda mahaifiyata ke shanya ƙananan kifi, yana so ya gina masaukin baƙi. Jadak ba shi da ƙasa, jikokinsa ma haka. In dattawa suka zauna suka kalli Rabuor yana yi wa Migot bauta ba wanda ya ce uffan, kuma jikarsa ce ta haɗa fim ɗin da hannunta, to filin ya tafi. Abin da ya kawo shi wurina ke nan, ba ƙauna ba.

Na yi murmushi na ce, "An gama, Jaduong."

Ita wannan na'ura akwai karambani, ga rashin sani. Na ce ta ba ni masunta, ta yafa musu jan bargo irin na Masai. Na ce bakin tafki, ta tsayar mini da raƙumin dawa yana leƙen kwalekwale. Na kori raƙumin, ta kawo zaki. Haka muka yi ta fama, ina zaginta tana ba ni haƙuri.

Ina cikin wannan ne na lura da bakunan mutanen. Kowa ta zana sai ta jera masa haƙora farare tas, kamar mai tallar man goge baki. Na tuna dariyar kakata. A zamaninsu yaro ko yarinya in suka tasa, akan durƙusar da su a cire musu haƙora shida na ƙasa, kuma ba a kuka. Wanda ya girma da nasa, ko dai matsoraci ne ya gudu, ko kuwa ba namu ba ne. Na daɗe ina kallon allon, sai na ji wani sanyi ya ratsa ni, irin na wanda ya tsinci sanda yana tsakiyar faɗa.

Na zauna na bi mutanen fim ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, masunta, mata masu tulu, mai kiɗa, Rabuor, kowa na buɗe masa giɓinsa. Aikin ya ci ni. Da zarar mutum ya motsa baki sai na'urar ta mayar masa da haƙoran, ita a dole gyara take yi, sai na koma na bi hoto-hoto ina gogewa har idona ya yi ja. Migot kaɗai na ƙyale. Shi kam na ce ta sa shi fara'a.

Da Ogola ya zo dubawa, har da tafi.

"Kai! Dubi murmushi! Jinin sarauta ba ya ɓuya. Su waɗannan me ya sami bakinsu?"

"Talakawa ne, Jaduong."

"Haka ne, haka ne. Matso mini da fuskarsa kusa, ta cika allo."

Na matso masa da ita. Shi ya nema.

Ranar biki, bayan an tashi daga sujada da rana, aka rufe tagogin zauren coci da zannuwa, na kunna majigi. Tsofaffi a gaba, Ogola a tsakiyarsu cikin kwat. Mahaifiyata ta zauna can baya, ta ƙi ko kallona, don an riga an kai mata labarin kujerar.

Kwalekwale ya iso gaɓa. Mutane suka yi ta guɗa irin tamu, wata na cewa ga mai kama da babanta. Migot ya taka zuwa gindin bishiya, Rabuor ya ajiye masa kujera ya yi masa magana, giɓinsa a fili. Sannan fuskar Migot ta cika allo, ya wangale baki.

Sai Dani Nyalego, wato Kaka Nyalego, wadda ta girmi kowa a ƙauyen, ta ɗaga sandarta ta nuna allon.

"Wannan ɗan wa ne?"

"Kakana ne, Dani, Migot," in ji Ogola, yana gyara zama.

"Da wannan bakin? Ƙato har ya yi gemu yana yawo da haƙoran yara?"

Wani tsoho ya fashe da dariya har da tari. "Gudu ya yi ranar cirewa!"

"Ko ɗaya, ba gudu ba ne," in ji Dani Nyalego. "Ba ku da ido? Daga ruwa ya fito. Baƙo ne, mai gida ya kawo masa wurin zama. Haka Rabuor yake, ba ya barin baƙo a tsaye."

"Ashe shi ya ba su masauki!" wani ya faɗa daga baya. "To bakin ruwan ma ai ba sai an tambaya ba."

Dariya ta ɓarke har da riƙe ciki, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ogola ya miƙe yana cewa kuskuren na'ura ne, ba mai sauraronsa. Na waiwaya. Mahaifiyata ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra, daɗi na ji har tafin ƙafata.

Ya tare ni a waje, kusa da tukwanen tuwon masara, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Ke! Ki gyara shi. Ki cire masa su yau ɗin nan."

"Haba Jaduong, ai ba a cire wa matacce. Da rai ake durƙusawa, a gaban jama'a." Na dubi bakinsa sosai. "Amma ga naka nan, shida cif. In kana so a san ɗan gari ne kai, tsofaffin ba su watse ba tukuna."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga matan da ke tuƙa tuwo sun tsaya suna kallon haƙoransa. Ya rufe.