Jifan Gordy

…kuma Duane ne, Duane, ba Elmer ba. Elmer zai miƙo masa ƙwallo, shi kuma ya jefa wa Duane. Tun safe Arlene take nanata wa mijinta Gordy, tana ɗaura masa igiyar takalmi tana faɗa, tana tuƙi tana faɗa. Karɓa daga hagu, jefa wa na dama. Ya ce to. Komai yanzu to ne a wajen Gordy. Mijin da ta aura, wanda ko fasto sai ya yi da gaske kafin ya ji to daga bakinsa…

Bencin ƙarfen nan da sanyin tsiya yake. Ta ja bargo ta rufe masa gwiwa, hannunta ɗaya na riƙe da bakin rigarsa ta ƙasan bargon, inda ba mai gani. Saura kaɗan a tafi hutun rabin lokaci a wasan 'yan makaranta, ƙwallon nan ta jifa da hannu da karo. Daga nan 'yan badujala, daga nan layin tsofaffi — duk wanda ya taɓa zama kwatabak a makarantar garin nan, mai kiran wasa, mai jifan ƙwallo, sai a jera su a tsakiyar fili daga mafi tsufa zuwa na bana, ƙwallo ɗaya ta bi hannu-hannu har ta isa ga yaron da ke sanye da rigar yanzu. Kowace shekara haka, da ganye ya fara zuba. Gordy bai taɓa fashi ba. To me za ta ce bana in bai zo ba? Ciwon baya? Ta yi wannan ƙaryar a coci har ta tsufa. Mura? A ranar da jikansa ne zai karɓi ƙwallon ƙarshe?

Ga shi can, Tanner, ɗan 'yarsu Janine. Ko da hular kwano a kansa tana gane shi, tafiyar kakansa ce sak.

Mazan da ke bayanta sun sake ɗauko gardamar. Wa ya fi a masu jifan garin? Ba sa gajiya, ana gasa nama ana yi, ana jana'iza ana yi. Wani na cewa Elmer, na shekarun alif ɗari tara da sittin. Elmer! Allah na tuba, yaushe Elmer ya iya jifa? Rungume ƙwallo yake yi kamar ya sato kaza, ya sunkuyar da kai ya kutsa. Ga shi can a keken guragu, gwiwoyi sun tafi, amma kai garau, jiya ma ya tuna mata sunan karen da mahaifinta ya taɓa kiwo. Ricky na shekarun casa'in kuwa gudu ne kawai, gudu da kyan fuska, 'yan mata na ihu, ya tafi birni ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a katin Kirsimeti. Duane…

Duane dai. Ba ta taɓa faɗa da baki ba, ba kuma za ta faɗa ba, amma hannu irin na Duane ba a yi shi a garin nan ba. Ko na Gordy bai kai ba. Sai dai da ya hango ƙato ya nufo shi, sai ya zame ya kwanta, ko ya fice ta gefen layi salin-alin. Sabulu suka sa masa. Wa ya fara? Kamar ita ce ma, a wannan bencin, da Janine a cinya… an yi dariya har wani ya ƙware da kofi. Ga Sabulun can a ƙasa yana tafiya miƙe, furfura tas, yana sayar da tayoyinsa, ya san ranar haihuwar kowane jika. Haushi take ji. Haushin mutumin da bai yi mata komai ba, tana kuma jin kunyar haushin.

Amma duk inda gardama ta zaga, kan Gordy take sauka. Gordy ba ya fita daga fili. Ranar dusar ƙanƙara — ga su nan, sun kawo wajen — mutum biyu suka haɗu a kansa, ƙarar hula da hula har wajen masu sayar da tikiti aka ji. Ya kwanta shame-shame. Ita tana nan sama da jan gyale, 'yar shekara goma sha bakwai, ta cusa safar hannu a baki. Aka shaƙa masa abin nan mai yaji a hanci, koci ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, Gordy ya faɗi abin da ya faɗa, ya koma wasa. Ya jefa wadda ta ci wasan. Da daddare a gidan rawa ya tambaye ta wa ya ci. Aka kwashe da dariya, har yau nan ne ake dariya a labarin. Ita ma ta yi. Ta fi kowa, ta kuma aure shi saboda wannan ranar, in za a faɗi gaskiya.

Likitan birni bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hoton kan, sannan ya tambaya ko mai gidan ya buga ƙwallo, ko an sha buge shi a ka, ko yakan koma wasa bayan an buge shi. Ko yakan koma! Ta dawo gida ta ce wa Janine tsufa ne kawai da rashin barci. Me za ta ce? Cewa labarin da gari ke taƙama da shi, wanda aka rataye hotonsa a shagon aski, shi ne ya sa ubanta ke saka takalmi a firji? A bar masa wannan. Komai ya tafi, a bar masa sunansa.

Usur. Badujala. Tashi, Gordy, a hankali, ga matakala. Ƙanshin albasa da gasasshen nama ko'ina. Mutane na ta dafa kafaɗarsa, shi kuma yana raba musu murmushin nan ɗaya da yake yi wa mai kawo wasiƙa da bishiyar ƙofar gida.

“Ranka ya daɗe,” in ji Duane, “hannun na nan, ko ya yi tsatsa?”

“Kai dai ka tsaya ka kama, Sabulu,” ta ce, tun kafin shiru ya yi tsawo. “Kada ka zame.”

Dariya. Ta ƙware a wannan, amsawa a madadinsa, har ba a lura. Amma layin farin nan ba ta da izinin tsallake shi, matan aure a gefe suke tsayawa. Ta saki rigar. Hannunta ya zama wofi. Idan ya juya ya nufi wajen motoci fa? Idan ya riƙe ƙwallon ya ƙi saki, kamar yadda ya riƙe cokali ranar Talata yana kuka? Idan ya tambayi Duane ko shi wane ne, a gaban lasifika, a gaban gari? Ya Allah, hagu, dama. Hagu, dama, shi ke nan.

Elmer ya miƙa. Gordy ya karɓa. Yana kallonta kamar an ba shi jaririn wani… sai yatsun suka motsa. Su kaɗai, ba da shawararsa ba, suka lalubo ɗinkin ƙwallon suka zauna. Yatsun da ba su iya maɓallin riga ba da safe. Ƙafar hagu gaba, kafaɗa ta juya — ta tafi, tana murzawa a iska, miƙe, ta faɗa ƙirjin Duane har ya ja da baya. Fili ya ɗauka da tafi. Ba ta ma ga sauran ba, yadda ta bi hannun wane da wane har ta kai ga Tanner. Da ya dawo gefe ta cafke bakin rigarsa. An wuce. Asiri ya rufu, sai kuma baɗi, baɗi kuwa wa ya sani.

Benci. Bargo. Bakin riga a hannunta. Ta kurɓi kofin da ya huce, daɗi take ji, daɗi na gaske, irin wanda ta manta. An koma wasa. Tanner ya ja baya da ƙwallo yana neman wanda zai jefa wa, ga ƙato ta gefen da ba ya gani, ga layi nan kusa, taku kaɗan ne, fice mana, zame, zame —

Ƙarar nan ta hula da hula. Ta san ta.

Tanner ya kwanta. Ya tashi. Ya yi taku biyu wajen 'yan ɗaya ƙungiyar kafin abokinsa ya kama kafaɗarsa ya juyo shi, kamar wasa. Koci ya ɗaga hannu daga gefe, Tanner ya nuna masa babban yatsa. Ba wanda ya ga takun nan biyu? Ba kowa? Na baya sun miƙe suna cewa jinin Gordy ne, jini ba ya ɓuya. Janine na can ƙasa da waya a sama tana ɗauka, tana share hawayen alfahari.

“Baiwar Allah,” in ji Gordy, a hankali, cikin ladabi, “yaron nan ɗan wa ne?”

“Ɗan Janine.”

“Madalla. Bai fita ba.”

Matakala kaɗan ne tsakaninta da Janine. Za ta iya sauka ta ce a fitar da shi. Janine za ta ce don me, Mama, ba ki ga ya tashi ba? Sai ta ce don… nan, a cikin mutane, da Elmer, da Duane, da masu gardama, yanzun nan da aka gama yi masa tafi. Ta miƙe rabi. Bargon ya zame ƙasa. Ta saki rigar ne ko ba ta saka ba? Yaran sun sunkuya a layi, muryar Tanner na kiran wasa, kuma wani na tafi kusa da ita, da ƙarfi — ashe ita ce — har tafin hannunta na zafi…