Abin da Kawu Ya Gani a Cikin Akuya

A ƙungiyar ma'aikatan jinyar dabbobi kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda su ma suka fara furfura. Da shi aka kafa ƙungiyar, tun suna 'yan kaɗan, suna taruwa a barandar wani asibitin dabbobi bayan an tashi aiki, kowa na kawo kukansa. Yanzu ƙungiya ta yi ƙarfi. Tana da zauren da take ara a kwalejin aikin gona, kuma ta kafa doka cewa duk wanda bai halarci taron bita ba, ba za a sabunta masa takardar aiki ba.

Kawu ba ya fashin bita, amma a gaskiya ba karatun ke kai shi ba. Yana zuwa ne ya ga mutane, ya ji wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da wanda saniya ta shura, da wanda ya aurar da 'ya. Wurin zamansa a baya ne, kusa da taga, gefen Dogo, abokinsa tun suna makaranta. Idan mai jawabi ya tsawaita, sai Dogo ya jingina kai da bango ya lumshe ido, Kawu kuma ya riƙa gyaɗa kai a madadinsu su biyu.

Bitar wannan karon ta kwana biyu ce, a kan na'urar duba cikin dabba, wadda ake ɗorawa a jikin akuya ko tunkiya a ga ko tana da ciki. Shugaban ƙungiya ya tashi ya gabatar da mai koyarwa, sai ga wata matashiya ta shigo da farar riga, tana rungume da akwatin na'urar. Dogo ya zunguri Kawu.

"Kai, wannan ba 'yar ƙanwarka ba ce?"

Ita ce kuwa. Auta ce a ɗakin ƙanwarsa, kuma Auta yake kiranta. Tun tana ƙarama take maƙale masa, in zai fita duba dabbobi sai ta yi ta kuka har ya ɗora ta a bayan babur. Ita ke riƙe masa kwalbar magani, ita ke toshe kunne idan ɗan maraƙi ya fara kuka. Yau ga ta ta zama likita, tana koyarwa a kwalejin. Ta faɗa masa za ta zo, shi ne ya ɗauka 'yar rakiya za ta yi wa wani babba.

Ta gaishe da jama'a, sannan ta leƙa baya ta ɗan rusuna. "Kawu, ina kwana?"

Zauren ya ɗauki dariya. Shugaba ya ce, "To, yau dai an samu mai kiransa Kawu da gaskiya. Mu duk na aro muke yi."

Kawu ya ji daɗi har cikin ransa. Ya gyara zama, ya saurari bayaninta fiye da yadda ya saba. Ta ce a allon na'urar ruwa baƙi yake fitowa, ƙashi fari, nama kuma toka-toka. Ta nuna hotuna a bango, tana zagaye wasu wurare da sanda. Daga inda yake, duk hotunan kamar hayaƙi yake ganinsu, amma da ya ga 'yan gaba suna cewa "ƙwarai, ga shi nan," shi ma ya ce ƙwarai.

Bayan an sha shayi aka fita rumfar dabbobi. An ɗaure awaki a jere, Auta ta ajiye na'urar a kan wani tebur na ƙarfe. Ta nuna yadda ake tsayar da akuya, a shafa wani mai mai yauƙi a gefen cikinta na dama, can ƙasa dab da hantsa inda gashi bai yi yawa ba, sannan a ɗora kan na'urar a riƙa juyawa a hankali. Matasa suka yi ta rububin gwadawa. Kawu ya tsaya can baya ya harɗe hannu, har Shugaba ya hango shi.

"A ba dattawa wuri. Kawu, bismillah."

Ya matso ba don yana so ba. Wata jar akuya ce aka ba shi, mai farin goshi. Ya shafa bayanta ta nutsu, ya sa tafin hannu ya danna cikin kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Bai ji wani abu da zai iya rantsewa a kai ba. Ya karɓi kan na'urar ya ɗora.

"Me ka gani, Kawu?" in ji Auta.

Ya dubi allon. Akwai wani baƙin abu zagayayye a tsakiya, shi kaɗai ne ya fito masa sosai. Ya nuna da yatsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ga ɗan nan. Guda ɗaya ne."

Kawu ya juyo wajen Auta. Ya ga ta dubi allon, ta dube shi, ta dubi mutanen da suka zagaye su suna jiran su koya.

"Wannan mafitsara ce, Kawu," ta ce a hankali. "Fitsari ne a ciki. Ka ɗan matsa gaba."

Ba wata dariya mai yawa aka yi ba. Wani ne ya ce, "Ashe fitsari za ta haifa," sai 'yan kusa da shi suka tuntsire, Dogo ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kawu ya yi murmushi tare da su, ya miƙa wa na kusa da shi na'urar, ya ce bari ya wanke hannu. Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannun da ya riga ya fita.

Da ya koma gida da yamma, matarsa na kwashe shanya a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Yau ba labari? Kullum in ka dawo daga taron nan naku sai ka cika mini kunne."

Ya zauna a kujera ya cire takalmi, ya ba ta labarin a gajarce. Ta saurara tana ninke zane.

"To ita me kake so ta ce? Ta ce e, ɗa ne, yaran nan su tafi suna gaya wa mutane fitsari ɗa ne?"

"Ni ban ce ta yi laifi ba."

"Fuskarka ta ce." Ta ɗora zanen a kan sauran. "Kuma ni na daɗe ina faɗa maka. Kwalbar magani sai ka miƙe hannu har ƙarshe kafin ka karanta. Jiya wa ka ba ya duba maka saƙo a waya? Idon ne, Malam, ba kan ba."

Ya ce idonsa lafiya lau, rubutun zamani ne ƙanana. Ta ce to, ta shige ɗaki da kayanta.

Ya so ya ƙi komawa washegari. Ya ma shirya abin da zai ce wa Shugaba, cewa an kira shi wata gona. Amma da gari ya waye sai ya ga ya sa riga ya tada babur, ya isa kwalejin tun ba a buɗe zauren ba. A rumfa ya tarar da Auta ita kaɗai, tana goge kan na'urar da auduga. Da ta gan shi ta ajiye, ta gaishe shi har ƙasa, ba irin gaisuwar jiya ba.

"Kawu, ka yi haƙuri da abin jiya. Na gaya wa Mama, ta yi mini faɗa, ta ce ko da wasa kada in ƙara gyara ka a gaban mutane."

"Uwarki ba ta san aiki ba," ya ce. "Da kin bar ni a kan kuskure, da ni zan yi miki faɗan. Kawo jar nan."

Ta kwanto akuyar. Ya shafa man, ya ɗora na'urar, ya ƙura wa allon ido. Auta na tsaye tana kallonsa, ba allon ba. Ta ga yadda yake ja da kai baya yana ƙanƙance ido.

"Kawu, me kake gani? Ka faɗa mini yadda yake."

Ya ce, "Hayaƙi. Tun jiya hayaƙi nake gani."

Ta fita, ta dawo da tabaran karatu da ta aro wurin mai kula da rumfar, wani dattijo da ke zaune a ƙofa yana duba jarida. Ƙafa ɗaya ta tabaran da zare aka ɗaure ta. Ta juya teburin ya bar hasken rana, ta ƙara hasken allon.

Ya sa tabaran. Sai da ya ɗan ja numfashi, don hayaƙin ya rabu gida-gida, kowane abu da iyakarsa.

"Ga mafitsararka ta jiya," ta ce, suka yi dariya su biyu. "Yanzu matsa gaba kaɗan. A hankali. Karkata hannunka sama. Tsaya nan."

Wani baƙin fili ya buɗe, a cikinsa wani ɗan abu fari a naɗe. A tsakiyar abin akwai wani ɗigo da ke ƙyaftawa da sauri, ba ya tsayawa.

"Mene ne wannan mai motsi?"

"Zuciyarsa ce."

Kawu ya ƙura wa ɗigon ido. Ya karɓi haihuwar dabbobi ba adadi, ya ciro masu rai, ya ciro matattu, amma bai taɓa ganin ɗa tun yana wannan ƙanƙanta ba, tun uwar ma cikinta bai tasa ba. Akuyar ta juyo tana tauna gefen rigarsa, bai ko kula ba.

"Ikon Allah," ya ce. "To in na ƙara matsawa fa?"

"Gwada."

Ya matsa, ya ɓata wurin, ya dawo, ya sake ɓatawa. Can sai ga wani baƙin filin, da wani ɗigon mai ƙyaftawa. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabaran.

"Wani ne, ko na farkon ne na sake zagayowa?"

"Tambayar da nake so ɗalibaina su riƙa yi ke nan," in ji ta. "Koma ka nemo na farkon, mu gani."

Ya nemo shi. Biyu ne.

Kafin sauran su iso ya duba awaki uku, ya yi daidai a biyu, ta gyara masa a ɗaya. Da Dogo ya shigo ya gan shi durƙushe da tabarau mai zare, ya riƙe baki.

"Wa ya ba ka wannan? Ka koma kamar tela."

"Zo ka durƙusa, malalaci. Kai ma na san ba ka ga komai jiya ba."

Dogo ya rantse ya gani. Aka ba shi na'urar, ya nuna mafitsara ya ce ɗa ne. Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa teburin, sannan ya cire tabaran ya miƙa masa.

Bayan an rufe bita aka zauna taron ƙungiya. Wata daga cikin matasa ta kawo shawarar ƙungiya ta mallaki na'ura guda, ta riƙa zagayawa asibitocin da ba su da ita. An taɓa kawo wannan magana a baya, Kawu na cikin waɗanda suka ce ba a bukata. Wannan karon ya ɗaga hannu. Ya ce ya goyi baya, amma da sharaɗi: kada a ba kowa ita sai ya zauna an koya masa sosai, domin kwana biyu ba su isa ba, shi shaida ne. Aka amince. Auta ta ce duk mai so ya same ta a rumfa ranar da ba ta da aji.

Kawu ya je asibitin ido a makon, aka auna shi aka ba shi nasa tabaran. Matarsa ta gan shi da su ta ce sun yi masa kyau, ba ta ƙara ko kalma ba, shi kuma ya gode mata a ransa. Ya riƙa zuwa rumfar Auta, wani lokaci da Dogo, wani lokaci shi kaɗai.

Watanni suka shuɗe kafin na'urar ƙungiya ta zo, ta zagayo asibitinsu. A ranar wata mata ta kawo tunkiya a bayan motar ɗaukar kaya. Ta ce an kai ta wurin rago, amma ba ta ga alamar komai ba, in babu ciki gara ta rabu da ita ta huta da ciyarwa.

Kawu ya sa tabarau, ya shafa mai, ya duba. Ya ga wani ɗan baƙin wuri, ƙarami sosai, babu ɗigo mai motsi. Ya sake dubawa ta wani gefen. Matar na tsaye a kansa.

"Yaya, Malam? Akwai ko babu?"

"Ɗan dakata, Hajiya."

Ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya aika wa Auta, sannan ya kira ta. Ta ce tana tsakiyar aji, amma ta duba.

"Kai me ka gani, Kawu?"

"Ina zaton akwai, amma ya yi ƙanƙanta. Ba zan iya cewa tabbas ba."

"Ni ma haka na gani. Ta dawo nan gaba kaɗan."

Ya kashe wayar ya juyo ga matar. Ya ce mata kada ta yi gaggawar sayarwa, ta ƙara mata abinci mai kyau, ta dawo da ita bayan mako biyu ko uku, lokacin zai gaya mata magana ɗaya. Matar ta ɗan ɓata fuska, ta ce ita ta ɗauka na'ura nan take take faɗa.

"Tana faɗa," in ji Kawu, yana goge man daga cikin tunkiyar. "Mu ne sai mun bi ta a hankali."

Ya taya ta ɗora tunkiyar a mota, ya ja ƙyauren bayan ya rufe, sannan ya leƙa baranda ya ce mai bi ya shigo da tasa.