Murfi Uku

A ƙauyen nan na bakin ruwa, ƙasar Ngaski, in aka ambaci Baba Samuel sai a ce mutumin bai taɓa faɗa wa kowa abin da ba haka ba. Matan zumuntar coci sukan ce ko fasto ya kuskure aya, shi ke gyara masa, a hankali, bayan an tashi sujada. Takardar asibiti, wasiƙa, rubutun jikin kwalba, duk wurinsa ake kaiwa.

Abin da ba su sani ba, shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Karatun da yake yi ran Lahadi da ka yake yi. Yakan buɗe Littafi Mai Tsarki ne kawai, yana bin layi da yatsa. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Bayan damina Deborah, wadda mijinta ya rasu bara, ta zo masa da kwalbar maganin ƙwari da ta sayo wurin Mamuda a kasuwar Yelwa. Tsutsa ta shiga irin albasarta, ga dashe ya kusa. Ta durƙusa ta roƙe shi ya duba mata yawan da ake zubawa a tankin feshi. Ya juya kwalbar, ya matso da ita, ya nisanta. Baƙaƙe-baƙaƙe kawai yake gani, kamar tururuwa. Ita kuma tana jira.

"Murfi uku a tanki ɗaya," ya ce.

Kwana huɗu irin ya ƙone ƙurmus. Magana ta bazu cewa Mamuda jabu yake sayarwa, har mazan ikilisiya suka yi shawarar kowa ya daina zuwa rumfarsa. Baba Samuel yana zaune a wurin, bai ce uffan ba. Da aka ce ya yi wa Deborah addu'a ya yi, amma kalmomin suna fita kamar da yashi a bakinsa. Tuwo ma ya daina shiga masa. Matarsa ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ran Talata da hantsi Mamuda ya zo da kansa bisa mashin, har lambun Deborah. Mutane suka taru. Ya tsuguna ya duba irin, ya ce maganin lafiyarsa ƙalau, yawa aka yi masa, rabin murfi aka rubuta. Deborah ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma wanda ya karanta mata ba ya ƙarya. Aka aika a kira Baba.

"Ku ne ba a musu da maganarku, Baba," in ji Mamuda, ya miƙa masa kwalbar. "Ku karanta musu."

Baba ya karɓa ya ƙura mata ido. Sai ya ji hannun Mamuda a kan nasa, a hankali, yana juya masa kwalbar. Ashe bayanta Baba yake kallo, inda babu rubutu. Mamuda ya sunkuyar da kai.

Baba Samuel ya cire hularsa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar lambun. Deborah ta ce, "Haba Baba, ku tashi," bai tashi ba.

"Ba na gani, ɗiyata. Na daɗe ba na gani. Ran nan ban karanta komai ba, da ka na faɗa, don kada a ce na kasa. Ni na ƙone miki iri, na kuma yi shiru ana ɓata sunan bawan Allah nan. Deborah, ki yafe mini. Malam Mamuda, ka yafe mini."