Taken Dikko na Fakku

A kasuwar Kebbe Dikko ya fara jin waƙar. Yana tsugune a rumfar maƙera yana duba wata galma, sai kiɗa ya tashi daga wayar mai sayar da rake. Kafin kunnensa ya gama ganewa, kafaɗunsa sun gane. Tsigar jikinsa ta tashi, hannunsa ya matse ƙotar galmar. Takensa ne. An sa fiyano a madadin ganga, an ƙara masa sauri, amma shi ne.

Ya jira sunansa. Inda ya kamata a ce, "Dikko na Fakku, rana ta gaji ba ka gaji ba," sai wata siririyar murya ta ce, "Khairiyya, rana ta gaji ban gaji ba."

Ya ajiye galmar, ya koma gida bai sayi komai ba.

Ya tarar da Atu a ƙofar gida. Taubashinsa ne, kuma shi kaɗai ya rage cikin 'yan amshin marigayi Tambaya, makaɗin da ya yi waƙar.

"Wace ce Khairiyya?" in ji Dikko.

Atu ya yi dariya har da tari. "Sai yau ka ji? Dut ƙasar ga an ji. Sunan da anka raɗa maka ke nan da tsufa. Ya ma fi dacewa da kai."

"Ba wasa nika yi ba."

"To jikan Tambaya ne ya sake rera ta, Sharifuddeen, wanda ke Tambuwal. Kayan kakanai ya ɗauka. Mi za ka ce?"

Dikko ya shige gida. Amma waƙar ba ta bar shi ba. Tana gidan biki, tana bakin 'yan kabu-kabu, tana wayar masu shayi. Duk inda ta tashi sai jikinsa ya amsa, domin take ba a jin sa a zaune. Tsoho mai furfura, sai ya ga ya miƙe tsaye a cikin mutane ba dalili, ya rasa abin yi, ya koma ya zauna.

Abin da ya ƙarasa ɓata masa rai rediyo ne. Akwai shirin da ake kawo tarihin waƙoƙi. Ran nan da hantsi mai shirin ya ce asalin wannan waƙa wani saurayi ne ya tsaya a ƙofar gidan su budurwarsa tun safe har faɗuwar rana, ba ta fito ba. Mutane suka yi ta bugo waya suna tausaya wa saurayin.

Ba saurayi, ba ƙofar gida. Gayya ce aka kira a Jabo, damanar da ta biyo bayan fari, lokacin da ƙarfin mutane ya ƙare, ga gona ta ƙi jira. Manoman garuruwa suka jeru da galmuna don huɗa. Tambaya yana bin bayan na gaba da gangar noma, domin haka ake yi: ganga tana bin wanda ya fi kowa nisa, in an wuce shi ta koma bayan wanda ya wuce. Da azahar rabin mutane sun kwanta a gindin gawo. Da la'asar saura Dikko da wani ƙato daga Jabo. Da ƙaton ya yar da galma, Dikko bai ɗago ba, sai da rana ta faɗi. A nan Tambaya ya saki waƙar, 'yan amshi suka karɓa. Tun daga ranar ba a taɓa kaɗa wannan take a bayan wani ba.

Yanzu Tambaya ya rasu, ƙaton Jabo ya rasu, masu gonar sun rasu. In Dikko ya bi su a haka, waƙar ta zama ta Khairiyya har abada.

Sai dai namiji ba ya roƙon a ambace shi a waƙa. Don haka ya ce wa Atu, "Gobe za ka Tambuwal."

"Yin mi?"

"Gaida jikan maigidanka. Ni rakiya zan yi maka."

"Kai dai tsohon ga da girman kai. To ka riƙe bakinka, in yi magana."

Babur ɗaya suka hau, hanya ta jijjiga su har ƙugu. Situdiyon da yaron ke waƙa wani ɗan shago ne a bayan tasha, an manna katifu a bango, fanka tana juya zafi. Sharifuddeen ya fito da sauri da ya ga Atu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su, ya aika a kawo ruwa. Yaron yana da ladabi, wannan ma ya ƙara wa Dikko haushi, domin ya zo da faɗa a cikinsa ya rasa inda zai sauke shi.

Atu ya yi bayani. Sharifuddeen ya riƙe baki.

"Baba, kai ne Dikkon? Wallahi a wani tsohon kaset na ji ta, duk ya cinye. Na ɗauka mai sunan ya daɗe da rasuwa."

"Ga ni," in ji Dikko.

"Allah Ya ƙara lafiya, Baba."

"Ita Khairiyya ɗiyar wa ce?"

Sharifuddeen ya sosa ƙeya. "Babu ta, Baba. Suna ne kawai da ya hau kiɗan."

Dikko ya dube shi. Da ma mutum ce, da sauƙi. An cire shi an sa wadda ba a haifa ba.

"Zan gyara," in ji Sharifuddeen. "Zan maido da baitin yadda Kaka ya yi shi. Kuma in zo Fakku da mai ɗaukar hoto, a gan ka a gona da galma, duniya ta san mai waƙar. Mai shirin rediyon ma zan kai masa."

A hanyar komawa Atu ya ce, "Ka ga? Ko godiya ba ka yi ba."

"Nawa anka maido mini."

Ya jira lokacin huɗa kamar yadda bai taɓa jiran komai ba. Ya kai tsohuwar galmarsa maƙera aka gyara bakinta. Ya sa aka wanke masa warkinsa na fata. Bai gaya wa kowa ba, amma da safiyar ranar mutanen Fakku sun cika bakin gonar, har da matan da suka laɓe a bayan shinge.

Sharifuddeen ya iso da mai ɗaukar hoto da wata baƙar lasifika mai kama da akwati. Dikko ya dubi bayansu.

"Ina ganga?"

"Tana cikin nan, Baba. Komai yana ciki."

Mai hoton ya ɗauki lasifikar ya kai ta can ƙarshen kuyya, layin da Dikko zai huɗa, ya ajiye, ya ce a nan ne zai fi ganin fuskar Baba yana tahowa. Tsofaffin da ke wurin suka dubi juna. Atu ya buɗe baki, Dikko ya ɗaga masa hannu. Ya tofa yawu a tafinsa, ya kama galma, ya duƙa.

Aka kunna. "Dikko na Fakku, rana ta gaji ba ka gaji ba." Sunan ya fito sarai, har mata suka yi guɗa. Jikinsa ya ɗauki tsuma, ya kafa galma ya juya ƙasa.

Sara na farko ya faɗi daidai da kiɗa. Na biyu ya makara. Kafin ya ɗaga na uku kiɗan ya yi gaba. Ya ƙara sauri, ƙasa ta fara zubewa daga bakin galma, kuyyar ta karkace. Tambaya bayan mutum yake kallo. In kafaɗa ta tashi gular ganga ta tashi, in galma ta sauka gula ta sauka, in manomi ya ja numfashi ganga ta jira shi. Wannan akwati ba ya kallon kowa. Kiɗan rawa ne, na ƙafar amare, yana ta gudu yana kiran sunansa daga gaba.

Daga gaba. Sai a lokacin abin ya sauka masa sosai. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san ma'anar ganga a gaban manomi: an wuce shi.

Ya yi tuntuɓe, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Wani matashi ya yi dariya, aka kwaɓe shi.

"Kashe shi," in ji Dikko.

Aka kashe.

"Baba, ka huta mu sake," in ji Sharifuddeen. "Ba komai, in mun koma situdiyo za a ƙara wa hoton sauri ya dace da kiɗan. Ba mai ganewa."

"Ni za a tura in cim ma ganga?"

"Ko mu rage kiɗan kaɗan."

"Ka iya ganga?"

Sharifuddeen ya sunkuyar da kai. "Ban koya ba, Baba."

"Ta kakanka fa?"

"Fatar ta fashe tun ina ƙarami."

Dikko ya dogara da galma ya miƙe. Ya dubi karkatacciyar kuyyar da ya yi, irin wadda da zai zagi ɗansa a kanta. Ya dubi akwatin.

"Abin da kunka ɗauka, a goge shi nan gabana."

Mai hoton ya dubi Sharifuddeen, shi kuma ya gyaɗa kai. Aka goge.

"Kuma ka fidda sunana."

"Baba, ai don shi muka zo."

"Na sani. Ka yi ƙoƙari, ɗan nan. Maida ma Khairiyya abinta. Ita ba ta noma, ba mai wuce ta."

Atu ya matso kusa, ya rage murya. "Dikko, in yat tafi da shi ya tafi ke nan. Ba wani mai sake zuwa."

"Ya tafi."

"Rediyo za ta ci gaba da zancen saurayi da ƙofar gida."

"Ta ci gaba."

Mutane suka fara watsewa, da ma kallo suka zo. Sharifuddeen ya yi sallama, ba a amsa masa da tsawo ba. Aka ɗaure akwatin a bayan babur.

Dikko ya koma farkon kuyyar. Ya rushe abin da ya yi, ya sake kamawa a hankali, yadda ƙugunsa ya yarda. Atu ya tsaya yana kallonsa. Can ya cire takalmi, ya shiga gonar ya tsaya a bayansa. Ba ganga, ba mai ba da waƙa, sai amshi. Ya jira galma ta sauka, sannan ya ja da muryarsa da ta dushe: "Ba ka gaji ba."

"Ka makara," in ji Dikko, bai ɗago ba.

"Kai ka yi nawa, tsohon banza."

Ya sake ɗaga galma. Daga kan hanya wani ɗan kabu-kabu ya wuce da waƙar Khairiyya tana tashi a wayarsa. Kafaɗar Dikko ta motsa. Ya cije, ya riƙe ta, ya sauke galma a lokacin da ya ga dama.