Ganau

Autanmu ba shi da wata matsala a duniya sai bakinsa. Tun yana yaro in aka fasa kofi a gida shi zai faɗi wanda ya fasa, ko da kuwa shi ne. Ni ce babbar yayarsa, ni na goye shi, kuma na sha gaya masa baki shi ke yanka wuya, amma kamar zuga shi nake.

Aikinsa raba burodi a shaguna da wata tsohuwar mota mai rufi. Ran nan da hantsi yana kan hanya, sai motar 'yan sanda ta fito daga kwana a guje, ta kwashi wani mai babur ta watsar, ta ƙara gaba ko waiwaye babu. Mutane suka taru suka yi cirko-cirko, ba mai taɓa shi. Ba mugunta ba ce, kowa ya san wanda ya ɗauko shi ake riƙewa. Auta ya ture farantan burodi gefe, ya kinkimi mutumin sai asibiti, rigarsa jina-jina.

A can aka ce sai an kira ɗan sanda. Da ya zo ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da ya faru, gogan naku ya dafa ƙirji.

"Ni ganau ne, ba jiyau ba. Motarku ce, yallaɓai, mai fasasshiyar fitilar baya."

"Madalla," in ji ɗan sandan. "Zo ka taimaka mana da bayani, yanzu za ka dawo."

Wallahi da murnarsa ya bi shi.

Ina kan keken ɗinki matarsa ta kira ni tana kuka wai an tsare shi, ga ta da tsohon ciki. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na fita. Ina shiga ofishin 'yan sandan na hango takalmansa da bel ɗinsa cikin wani kwali a bayan kanta. Wani ɗan sanda mai jan ido ya ce ai Auta ne ya buge mai babur da motar burodi, ga jini nan a cikinta shaida.

"Jini a cikin mota?" na ce. "To da cikin mota ake buge mutum?"

Ya ce in ina da ƙorafi ga ƙofa can ta hagu. Na leƙa, sai ga mai karɓar ƙorafin yana shan shayi da wanda ya kamo Auta, suna dariya. Wato in kai ƙarar kura wurin 'yar'uwarta.

Mai babur bai farfaɗo ba, balle ya yi magana. Na bi layin da abin ya faru shago-shago ina neman mai shaida. Mai kanti ya ce yana ciki yana auna shinkafa, mai aski ya ce bayansa ya ba titi. Mai gyaran takalmi, wanda ke zaune a bakin kwanar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ina da 'ya'ya." Na zazzaga masa masifa son raina, amma kafin in kai gida na san a matsayinsa ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Kullum ina zaryar kai abinci. Akwai wani tsohon sajen 'yan sanda mai furfura da ke karɓar kwanon, shi kaɗai ke amsa gaisuwata. Wata rana ya biyo ni waje kamar zai wanke hannu a famfo.

"Ba ni na gaya miki ba," ya ce, idonsa na kan ruwan. "Wanda ya tuƙa motar tamu yana da uwa a gindin murhu. Kalma ɗaya ke riƙe da ƙanenki. Ya bar cewa ya gani, ya ce a kwance ya tarar da mutumin, yau zai kwana gida. In ya kafe, kotu za a kai shi a matsayin direban."

"Kai kuma ba ka jin kunya, Baba?"

"Ina ji, 'yata, kullum. Na taɓa buɗe baki, shi ya sa na tsufa a bayan kanta."

Na so in tsane shi, na kasa. Shi ya ba ni dama na ga Auta ta tsakanin ƙarafa. Leɓensa a kumbure, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Na gaya masa abin da sajen ya ce.

"Yaya, ƙarya kike so in yi?"

"Ƙwarai kuwa. Matarka ta shiga watanta. Kana so ɗanka ya fara ganinka ta nan?"

Ya juya ya fuskanci bango. Washegari ya canza bayaninsa, da yamma suka miƙo masa takalmansa, har da ce masa ya riƙa kula da hanya.

Mai babur ya rayu, amma an yanke masa ƙafa, kuma bai tuna komai ba. Bayan matar Auta ta sauka, sai ga mahaifiyar mutumin ta zo gidanmu, wata 'yar tsohuwa. Ta zauna a bakin tabarma ta yi ta sa wa Auta albarka, shi kuwa jaririnsa na kan cinyarsa, ya kasa ɗago kai. Can ta matso.

"Ɗana, ba ƙara zan kai ba, wa nake da shi? So nake kawai in sani. Kana wurin. Wa ya yi wa yarona haka?"

Auta ya dubi jaririn da ke cinyarsa.

"Ban gani ba, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na sani, ɗana. Duk wanda na tambaya bai gani ba. Kai dai ka ɗauke shi, Allah ya raya maka naka."

Ta dafa bango ta miƙe. Auta ya miƙa wa matarsa jaririn ya shige ɗaki, muna jin kukansa ta bayan ƙofa.