Dutsen Da Ya Zo Daga Lome

Kwana goma sha biyu da rasuwar mijinta Issouf, Kadidia ta ga na farko. Tana tsaye gaban akwariyom, akwatin kifin da ke cikin salo, ɗakin baƙi, da abincin kifi a tafin hannu, sai idonta ya faɗa kan wani abu a jikin dutse, launin ruwan shayi, bai wuce ƙwayar gujiya ba, yana lilo da siraran hannuwa cikin ruwa. Ta dube shi kamar yadda take duban komai a kwanakin nan. Ta watsa wa kifi abincinsu, ta koma kan tabarma inda mata masu gaisuwa ke jiranta.

Shekara ashirin Issouf ya yi yana kawo motoci daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Agadas. A can ya yi abota da wani Alhassan mai shagon kifin ado, kuma shekara shida da suka wuce ya dawo da akwatin madubi mai cin litir ɗari uku. Unguwar Dagamanet ta yi ta dariya, wai Issouf ya kawo teku cikin hamada. Shi dai bai kula ba. Ya hau rufi ya kafa pano na hasken rana, ya sayi batir saboda yankewar wutar kuran, ya ɗaura bantilater biyu a saman ruwan don su riƙa fifita shi. Gishirin ma na musamman ne, daga Lome yake zuwa, don ya ce na Teguidda na dabbobi ne, ba na kifin teku ba. Kifi biyar ne a ciki, da murjani masu rai, kore da ja da shuɗi, a kan duwatsu masu ramuka. A tafiyarsa ta ƙarshe ya zo da sabon dutse cikin bido, jarkar ruwa, da murjani kore mai rassa a kansa. Kwana tara bayan nan ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar, jini ya hau masa kai. Kafin a kai shi likita ya cika.

Kadidia ungozoma ce a matarnite, asibitin haihuwa, amma yanzu tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Mutane suna ta yabon haƙurinta don ba su ga hawayenta ba. Ita ta san ba haƙuri ba ne. Tana ci idan an ajiye mata, tana amsa gaisuwa, tana salla, amma ji take kamar an yi wa ƙirjinta allurar kashe zafi, irin wadda take yi wa mata kafin ɗinki.

Yayar Issouf, Halimatu Sa'adiya, ta taho daga Sabon Gari ta zauna da ita. Ita ce ta lura abin ya ƙaru.

"Kadidia, wannan ciyawar fa da can tana nan?"

"Ɗaya ce, Yaya."

"To ni na ƙirga shida."

Kadidia ta ɗauko cokali, ta naɗe hannun riga, ta kankare su daga jikin dutsen. Da ƙarfen ya taɓa su sai su shige rami, abin da ya rage ya watse cikin ruwa kamar majina. Ta wanke hannu, ta ɗauka an gama.

Bayan sadakar arba'in sun haura talatin. Sun hau sauran duwatsu, sun manne a jikin madubi, wasu har cikin bakin pampon da ke juya ruwa. Murjanin da ke kusa da su duk sun tsuke, gefensu ya yi fari.

Wayar Issouf tana cikin aljihun tebur tun ranar da aka kawo ta daga masallaci. Ta sa ta caji, ta nemo lambar Alhassan na Lome, ta ɗauki hoto ta aika masa ba tare da rubuta komai ba. Kafin azahar ya aiko da saƙon murya. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya zo kan maganar.

"Madam Issouf, abin nan ba ciyawa ba ce, dabba ce. Anemon ce, muna ce mata aiptaziya. Tana harbin murjani har ya mutu. Cikin dutsen da na ba shi ta ɓuya, laifina ne, ban gani ba. Kada ki kankare ta. Duk ɗan guntun da ya ɓalle sai ya zama sabuwa."

Ta amsa da rubutu: "Na riga na kankare."

"To ba komai. Akwai wani ɗan jatan lande da ke cinye su, amma ba zai kai Agadas da rai ba. Ki sami serangi na allura, ki matse lemun tsami ki tace. Ki kashe pampo, ki jira ta buɗe, ki soka mata a tsakiyar baki, ɗigo biyu ko uku. Kada ki wuce biyar a yini, tsami yana ɓata ruwa."

Serangi ba ya mata wuya, akwai su cikin jakar aikinta. Halimatu ta je kasuwa ta sayo lemun Timia cikin leda, tana mita.

"Mace tana takaba tana yi wa tsutsa allura. Ki bari a nemi mai saye, ko a ba wani otel. Wannan wahalar shi ya ɗora wa kansa, Allah ya jiƙansa, ba ke ba."

"To, Yaya," in ji Kadidia. Ta ci gaba da tace lemun.

Da hantsi, lokacin da haske ke shiga salo sosai, ta kashe pampo. Ruwa ya tsaya. Ta sa hannu har gwiwa, ta nufi babba daga cikinsu. Ta farko ta ji motsi ta shige rami. Kadidia ta jira. Shekara goma sha takwas tana neman jijiya a hannun matan da jini ya ƙare musu, ta san yadda ake jira. Da ta sake buɗewa, Kadidia ta kai allura a hankali ta danna. Abin ya yi fari, ya dunƙule, ya saki dutsen. Ta zuƙe shi da wani serangin ta zubar cikin kwano.

Haka ta yi kullum. Biyar da hantsi, sai ta rubuta a bayan kalanda. Da rana ta sauya gorunan ƙanƙara da ake sa wa cikin ruwan don kada ya yi zafi, da yamma ta cika abin da ya ƙafe da ruwan da aka tace. Ba ta jin daɗin aikin, ba ta kuma ƙinsa. Wasu da ta kashe sai ta tarar da su bayan kwana huɗu a ramin da ta bar su, ƙanana, suna lilo.

Wata Talata a wata na uku ta yi biyar, ba ta tsaya ba. Ba ta yi niyya ba, hannunta ne ya ci gaba. Ta cika serangi, ta sake cikawa, ta sake. Halimatu tana kicin, ba wanda ya tsayar da Kadidia. Sai da lemun ya ƙare ta duba kwano, ta ga sun kai arba'in. Ruwan ya yi gurɓi kamar an zuba nono. Kafin la'asar kifin nan rawaya, wanda Issouf ke kira Alhaji saboda yadda yake tafiya, ya kwanta a gefe a kan rairayi. Ta haɗa sabon ruwan gishiri bido uku ta sauya, kamar yadda Alhassan ya ce a waya. Sauran huɗun suka farfaɗo. Rawayan bai tashi ba.

Ta ciro shi da hannu, ta riƙe shi a tafi. Ya fi yadda ta zata nauyi. Halimatu ta zo ta tsaya a bayanta.

"Ki yi kuka mana, Kadidia. Ba kowa a nan sai ni."

"Ba ya zuwa, Yaya."

Halimatu ta karɓi kifin, ta je ta binne shi gindin dabinon tsakar gida, ta dawo ta goge ruwan da ya zube a ƙasa.

Washegari Alhassan ya gaya mata gaskiya a saƙon murya. Uwayen suna can cikin ramukan sabon dutsen, inda allura ba ta kaiwa. Muddin yana cikin ruwan, ba za su ƙare ba. Ya ce mafita ita ce ta yanke reshen murjanin da bai ƙone ba ta dasa a wani dutsen, shi kuma wancan ta fitar da shi ta shanya a rana.

"Shi ne abu na ƙarshe da Issouf ya ɗauka a shagona," ya ce. "In ba za ki iya ba, na gane."

Ta saurari saƙon sau ɗaya. Ta ɗauko almakashin aikinta, ta yanke rassa biyu koraye, ta soke su cikin ramin wani dutse. Ta ɗaga dutsen Lome da hannu biyu, ruwa na zuba a zanenta, ta fita da shi ta ɗora kan katanga. Ranar Agadas ba ta ɗauki lokaci ba. Yini biyu ya yi wari har maƙwabta suka leƙo suna tambaya, a na uku ya bushe ya yi fari fat.

Daga nan abin ya ja baya. Biyar ta koma uku, uku ta koma ɗaya, har aka yi mako guda ba ta ga ko ɗaya ba. Reshe ɗaya daga cikin biyun ya mutu. Ɗayan ya kama, ya fara fitar da ɗan toho a gefe. Ta ɗauki hoto ta aika Lome. Alhassan ya ce ta ci gaba da dubawa, don abin yakan dawo ko bayan shekara.

Ranar da ta fita takaba aka yi sadaka, ta yi wanka, ta sa sabon zane. Mata suka cika gida, wasu suna leƙen kifi, wata ta tambaya ko ana cin su. Da aka watse, Halimatu ta fara ɗaure kayanta, sai ta tsaya da ƙullin a hannu.

"Litinin za ki koma aiki?"

"Litinin, in Allah ya yarda."

"To wa zai sauya ƙanƙarar nan da rana? Zafi na tafe."

"Ban yi tunani ba tukuna."

Halimatu ta dubi akwariyom ɗin, ta dubi ƙullin kayanta. Ta ajiye shi bakin gado.

"Nuna mini gora nawa ake sawa. Amma allurar nan kam ba ni yi."

Kadidia ta buɗe firigo ta ciro gora biyu, ta miƙa mata ɗaya. Ta nuna mata kusurwar da ake sa su, nesa da murjani, da ɗan ma'aunin zafin da ke manne a madubi, da layin da bai kamata jan ya wuce ba. Halimatu ta sa gilashin idonta ta sunkuya, ta ce a sake nuna mata layin.